Bataliyar farko: yaya kuka yi da launin kaki har kuka gama fenti?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son waɗanda suka riga ni a wannan harka ta fentin ƴan ƙananan sojoji da ake wasan yaƙi da su a tebur su ba ni labarin yadda suka yi da bataliyarsu ta farko. Na sayi sojojin ƙasa na Faransa na zamanin Napoleon, masu milimita 28, na roba mai tauri, masu kakin 1812 zuwa 1815. Na yanke su daga firam, na kankare layin da zubi ke bari a jikinsu, na haɗa su da gam, na fesa musu fentin shimfiɗa ruwan toka, wanda ake fara sawa kafin launuka. Daga nan na tsaya cak. Duk hoton da na duba, shuɗin rigar daban yake, wani kusan baƙi, wani da haske. Fararen maɗauran da suka gicciye a ƙirji kuma, da na ja ɗaya sai ya hau kan rigar. Wanda ya taɓa zama a gaban soja 24 masu kama ɗaya, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi ya kai ƙarshe.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Barka da shigowa, ƙanena. Wannan tsayuwar da ka yi duk mun yi ta, kuma a nan ne yawancin akwatuna ke komawa cikin kabad su daɗe.

Batun shuɗi kada ya hana ka barci. Da baba ake rina rigunan nan, kuma rini bai taɓa fitowa iri ɗaya daga kowace tukunya ba. Ga rana, ga ruwan sama, ga hayaƙin albarushi. Baban ma ya yi wa Faransa wuyar samu saboda jiragen ruwan Ingila sun tare mata hanyar teku, har a 1806 aka fara ba wasu rundunoni fararen riguna, kafin a yi watsi da shirin a 1807 a koma shuɗi. Sojan da ya yi wata da watanni yana tafiya a ƙasa, rigarsa ba za ta zama ɗaya da ta wanda aka ba sabuwa jiya ba. Ni na zaɓi shuɗi mai duhu guda ɗaya na tsaya a kansa, sai in ɗan haska shi a kafaɗa da gwiwar hannu.

Abin da ya fitar da ni shi ne jerawa. Ina manna soja shida ko takwas a kan ɗan siririn katako, in ɗauki launi ɗaya in bi su duka kafin in wanke buroshi. Fuska da hannu tukuna, sannan riga, sannan wando, sannan jakar baya da bindiga, maɗaurai a ƙarshe. Daga ciki ake fitowa waje, yadda mutum yake sa tufafinsa. In an gama sai in bi su da ruwan fenti mai duhu, wanda ke gangarawa ya kwanta a cikin kwarin riga ya fito da ninkin yadi. Kafin ka yanke wa aikinka hukunci, ajiye katakon a tebur ka miƙe tsaye ka dube shi. Daga wannan nisan ne za a riƙa ganinsu ranar wasa.

Malamin Tarihi:
Yaya Tsohon Hannu, na yarda da kai a kan duhun shuɗi, amma ina tsoron kada sabon ɗalibinmu ya ɗauka komai ma haka ne. Akwai abin da rana ke kodar da shi, akwai kuma abin da doka ta tsara, wanda shi ne ke nuna waye waye a fagen fama.

Tun 1808 bataliyar sojan ƙasa ta Faransa kamfani shida ce, kowanne mutum 140 a takarda, ko da yake ba kasafai suke cika ba a lokacin yaƙi. Ɗaya na girnadiya ne, zaɓaɓɓun ƙarfafa masu jar geza a kafaɗa. Ɗaya na boltija ne, masu saurin ƙafa da ake turawa gaba su watsu suna harbi, su kuma kwalarsu rawaya ce. Sauran huɗun su ne gama-garin sojoji, kuma da tuntun hula ake bambance su: kamfani na farko kore mai duhu, na biyu shuɗi mai haske, na uku ruwan goro, na huɗu shunayya.

Da na fahimci wannan sai aikin ya yi mini sauƙi, domin soja 24 suna rabuwa daidai: gindi shida, wato ƴan faifan da ake manna sojoji a kai su tsaya, kowanne soja huɗu, kowane gindi kamfani guda. Maimakon in ga tarin mutane masu kama ɗaya, sai na ga ƙananan ayyuka shida, kowanne da alamarsa. Ranar da na jera su, girnadiya a dama, boltija a hagu kamar yadda suke tsayawa a sahu, na ji daɗin da ban ji ba a duk tsawon fentin.

Sai tuta. Mutane da yawa suna ba kowace bataliya gaggafar nan ta tagulla da ke kan sandar tuta, alhali a wannan zamanin guda ɗaya ce ga runduna gaba ɗaya, wadda ta ƙunshi bataliyoyi da dama, tana hannun bataliya ta farko. Sauran ƙananan tutoci marasa ado suke ɗauka, ta biyu fara, ta uku ja, ta huɗu shuɗiya. Shi ya sa ƙwace gaggafa ya zama babban abu. A yaƙin Waterloo, ranar 18 ga Yuni 1815, biyu sojan dokin Birtaniya suka ƙwace, ta runduna ta 45 da ta 105. Idan bataliyarka ita ce ta farko a rundunarta, ba ta gaggafarta. Ta biyun kuwa, ka yi haƙuri ka ba ta farar tuta.

Uwar Barade:
Ɗan'uwa Sabon Shiga, batun maɗauranka nake so in taɓa, don ni da sojojin Ostiriya na fara, waɗanda rigarsu gaba ɗaya fara ce. Farin fenti ba ya rufe duhu a shafa ɗaya. In ka matsa masa sai ya yi kauri ya cike ƴan ramukan maɓalli. Ni nakan fara ja da ruwan toka mai haske a kan maɗaurin, in bari ya bushe, sannan in ɗora fari a tsakiya, in bar siririn layin tokar a gefe da gefe. Wannan layin shi ke raba maɗauri da riga a ido.

Kada kuma ka nemi buroshi mafi ƙanƙanta. Ƙaramin sosai ba ya riƙe ruwa, kafin ka kai shi jikin soja fentin ya bushe a bakinsa. Mai lamba 1 ko 2 wanda bakinsa ke tsukewa ya yi tsini ya fi. Ka tsoma rabin gashin kawai, ka murza shi a hankali a bayan hannunka har tsinin ya dawo, ka dafa gwiwoyin hannunka biyu a tebur, ka haɗa tafin hannun da ke riƙe da katako da na buroshi. In hannayen suna jingine da juna, ko sun yi rawa tare za su yi. Sannan ka ja layin da gefen buroshi a kan tudun maɗaurin, sau ɗaya, daga kafaɗa zuwa ƙugu. In ya zame ya hau shuɗi, bar shi ya bushe, ka dawo da shuɗin ka gyara. Gyaran ya fi jan layin sauri.

Abu na biyu da ya taimake ni shi ne jiƙaƙƙen faranti: ƴar roba mai murfi, soso jiƙaƙƙe a ciki, takardar gasa burodi a sama. Fentin da ka gauraya zai kwana bai bushe ba, kuma shuɗin da ka haɗa yau shi za ka samu gobe.

Na gwada fentin nan masu ruwa irin Contrast da Citadel, masu yin fentin irin waɗannan sojoji, suka fitar a 2019, waɗanda ake shafawa sau ɗaya a kan farar shimfiɗa su ba da launi da inuwa tare. A kan dawakai da jakunkuna da kwat suna da kyau ƙwarai, yanzu kusan duk dawakaina da su nake yi. A kan riga mai faɗi kuwa sukan taru wuri ɗaya su bar tabo in ba ka bi su da buroshi ka kwashe ba.

Mai Jan Kwat:
Ni ɓangaren Birtaniya nake, kuma abin da Yaya ya faɗa game da shuɗi haka yake ga ja. Rigar ƙaramin soja da saiwar wata shuka ake rina ta, jan ya fito a dushe kamar bulo, kuma yana saurin kodewa. Ta hafsa kuwa da rinin wani ɗan ƙwaro mai tsada ake yi, jan ya fito jawur. Don haka launi biyu nake ajiyewa, kuma daga nesa kana iya tsinto hafsan a cikin mutanensa. Kowace runduna kuma tana da launin kwala da bakin hannunta, tutarta ta biyu ma yawanci wannan launin take bi, ta farkon kuwa ta sarki ce. Hula ma akwai magana: a Waterloo yawanci sun koma sabuwar hula mai tudu a gaba, amma runduna ta 28 tana nan da tsohuwar doguwar hularta.

Abin da nake so in ja maka kunne a kai yana can ƙarshen aiki. Na gama wata bataliya tsaf, na fesa mata banish marar sheƙi don ya kare fentin daga hannu, ashe iska na ɗauke da laima a ranar. Ina tsaye ina kallo jajayen rigunan suka yi fari-fari, kamar an barbaɗa musu toka. Gabana ya faɗi. Wani abokin wasa ne ya ce in bar su su bushe sarai, in bi su da banish mai sheƙi na shafawa da buroshi, sannan in sake marar sheƙin. Launin ya dawo kusan gaba ɗaya. Tun daga nan nakan girgiza gwangwanin sosai, in gwada a kan soja ɗaya in jira in gani, kuma in ana damshi sai in koma na buroshi.

Shida Milimita:
Ni kam hanyata daban ce. Na bar 28 na koma milimita 6, inda soja bai kai tsawon farce ba. A wannan girman babu batun maɓalli ko ido. Shimfiɗa baƙa, ɗigon launi a riga, ɗigo a fuska, ɗigo a hula, kuma dole launin ya fi na gaskiya haske, in ba haka ba sai su zama baƙin dunƙule a tebur. Abin da nake samu shi ne yawa: birged guda, wato bataliyoyi da dama a haɗe, a gabanka, sahu bayan sahu, da igwa a tsakani. Wanda yake son ya ga yadda dubban mutane ke motsi a fili, ya gwada. Wanda kuma fuskar soja yake son gani, ya zauna inda yake.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, batun gindi shida ya shige ni. Tambaya ɗaya: a cikin akwatin akwai masu sanye da doguwar kwat ta sanyi. In gauraya su da sauran, ko in ware su?

Tsohon Hannu:
Gauraya su, ƙanena. Sojojin Faransa sun sha yin tafiya har da yaƙi a cikin kwat ɗin nan, kuma launinta bai tsaya wuri ɗaya ba, akwai ruwan toka, akwai ruwan ƙasa mai haske, akwai mai duhu. Su ne ma mafi saurin fenti, tun da kwat ta rufe riga da rabin wando. Ni da su nake farawa in hannuna ya yi sanyi. Ka dai bar wa girnadiya jar gezarsa a kan kwat, kowa kuma da tuntun kamfaninsa.

Ma'aji:
Tun da an zo batun gamawa, bari in ƙara na ajiya, don ni tara su na fi yi a kan wasa da su. Gindi nakan shafa masa farin gam na katako, in tsoma shi a yashi mai laushi, in yi masa fenti ruwan ƙasa, in manna ƴar ciyawar roba nan da can. Duk rundunar iri ɗaya nake yi wa, domin gindi iri ɗaya yana haɗa kan sojojin da aka yi wa fenti a shekaru daban-daban. A ƙarƙashi ina manna maganaɗisu, akwatin kuma in shimfiɗa masa farantin ƙarfe, ko an karkata shi ba mai faɗuwa. Banati, wuƙar bakin bindiga, da sandar tuta su ne ke fara karyewa, don haka a gindi ake ɗaukar soja.

Masu tsofaffin sojoji na dalma su kiyayi kabad na katakon oak da duk wurin da iska ba ta shiga. Irin wannan katako yana fitar da tururi mai tsami da ke cin dalma, sai ka ga farin gari yana fitowa a jikin soja, fenti na ɓamɓarewa. Na gaji wasu a hannun wani dattijo da suka fara haka. Na ware su daga sauran, na kankare garin da safar hannu saboda dalma guba ce, na sake musu shimfiɗa da fenti da banish, na mayar da su akwatin roba mai ƴan ƙofofin iska. Na roba mai laushi kuma, irin masu ma'aunin 1/72, sai an wanke su da ruwan sabulu kafin fenti, a kuma bi su da siririn farin gam, in ba haka ba da bindigar ta lanƙwasa fentin zai tsage ya zube. Naka masu tauri ne, Sabon Shiga, wannan matsalar ba za ta same ka ba, amma ka sa maganaɗisun tun kafin ka zuba yashi, ya fi sauƙin mannawa.