Kamfani ya haɗa ni da koci bayan ƙarin girma: wa ya taɓa shiga wannan?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki da wani kamfanin sola da ke kafa ƙananan tashoshin wuta a ƙauyuka, irin wanda ake sa wa mutum mita yana sayen wuta ta waya. Da ni ma'aikacin fili ne: hawa falwaya, haɗa mita, duba batir da inbata. Bayan sallar layya aka ce ni ne shugaban tawagar shiyyarmu, mutum bakwai. Biyu sun girme ni, ɗaya ma abokin yayana ne. Yanzu kuma ofis ya turo saƙo wai an haɗa ni da koci, wato mai horar da mutum kan shugabanci ta hanyar tattaunawa, wata mata a Abuja, za mu riƙa magana ta waya duk sati biyu. Aikin wuta dai ba ta san shi ba. To me za ta koya min? Kuma abin da na faɗa mata ba zai koma kunnen oga ba? Wanda ya taɓa shiga ya ba mu labari, mai daɗi ko mara daɗi.

Na Gujungu:
Wa alaikumus salam. Allah ya taya ka riƙo. Ni ina kula da masu POS ne daga Gujungu zuwa Jahun da Taura, kuma an haɗa mu da koci a daidai lokacin da ba mu da ko lokacin cin abinci, farkon 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace. Ranar Lahadi a kasuwar Gujungu sai ka ga mutum ya sayar da sa, kuɗi na asusu, amma na motar komawa gida babu.

Babbar matsalarmu ita ce ɓoye-ɓoye. Kuɗi ya fita daga asusun mutum bai shiga ba, wakili sai ya yi gum yana jiran ya dawo da kansa. Ni ba na ji sai magana ta kai gaban mai unguwa ko 'yan sanda. Wanda aka haɗa ni da shi tsohon ma'aikacin banki ne, dattijo, kuma ko sau ɗaya bai ce min yi kaza ba. Tambaya ya yi min: idan wakilinka ya shiga matsala da hantsi ranar kasuwa, wa yake fara kira? Da na bincika sai na tarar junansu suke kira, ni ne na ƙarshe. Ya ce me ke faruwa da wanda ya kira ka? Dokar kamfani a lokacin ita ce da zarar an kawo ƙorafi, a rufe na'urar wakilin har a gama bincike. Rufe na'ura ranar kasuwa kuwa asarar cinikin sati ne. Wa zai kai kansa?

Na kai maganar sama, aka yarda duk wanda ya kawo rahoto da kansa a ranar da abin ya faru, na'urarsa tana nan a buɗe. Kiran waya ya yi min yawa bayan haka, har uwargida ta fara ƙorafi, amma zuwa wurin mai unguwa ya ragu sosai. Dattijon nan bai taɓa riƙe na'urar POS ba.

Malam na Kazaure:
Ɗana na Ringim, na yi shekaru a kamfanin manhaja a Legas kafin na dawo gida na koma koyarwa da noma, kuma abin da aka yi maka shi ake yi a ko'ina: a ɗauki wanda ya fi kowa iya aiki a ɗora shi kan mutane. An rasa gwani a fili, an samu sabon shiga a shugabanci. Da zarar yaro ya tsaya yana laluben waya, hannunka zai yi ta ƙaiƙayi ka karɓi filaya ka gama cikin minti biyar. In ka karɓa, aikin yau ya yi kyau, yaron kuma yana nan inda yake, kai kuma ba za ka taɓa samun hutun Juma'a ba.

Manyan ma sun sha wannan. A 2002 Google ya cire manajojin injiniyoyinsa gaba ɗaya, a ganinsa masu ilimi ba sa buƙatar mai kula da su. Abin bai wuce 'yan watanni ba, don kowa ya koma kai wa Larry Page, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ƙarar abokin aiki da lissafin kuɗin tafiya. Daga baya, wajen 2008, suka yi binciken da suka kira Project Oxygen, suka duba me ya bambanta manajan kirki da sauran. Halaye takwas suka fitar. Na farko shi ne iya horar da na ƙasa ta hanyar tambaya da sauraro. Ƙwarewar fasaha ita ce ta takwas. Shi kansa Eric Schmidt, da aka ce masa ya nemi koci bayan ya zama shugaban Google a 2001, ji ya yi an raina shi. Wanda aka ba shi, Bill Campbell, asalinsa kocin ƙwallon Amurka ne a jami'ar Columbia, kuma shi ne Steve Jobs na kamfanin Apple ma yake shawara da shi har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka rashin sanin inbata ba aibu ba ne ga matar nan. Inbata ka riga ka sani. Abokin yayanka ne ba ka san yadda za ka ce masa aikinsa bai yi ba.

'Yar Kura:
Malam ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni nake jagorantar masu rajistar manoma na wani kamfanin fasahar noma a Kura, Bunkure da Garun Malam. Aikin shi ne a je gonar shinkafa ko ta tumatir, a zagaya iyakarta da waya don taswira ta fita, a ɗauki hoton manomi, sannan a san taki da irin da za a ba shi bashi. Mace ce ni, ban kai talatin ba, kuma cikin ma'aikatana akwai wanda tare da mahaifina suke sahun gaba a masallaci. Baba nake ce masa.

Taswirorin Baba suna zuwa da kusurwa huɗu cif, kamar an ja da rula. Duk wanda ya san fadamar Kadawa ya san gona ba ta haka, akwai lanƙwasar hanyar ruwa, akwai kunya da ta karkace. A gindin bishiya yake zama ya zana. Ofis ya ce in ba shi takardar gargaɗi. Na san in na yi haka, kafin magariba maganar ta isa gidanmu cewa na ci mutuncin dattijo.

Kocina, wata Anti ce 'yar Zariya, ta ce mu gwada maganar tukuna: ita ce Baba, ni ce ni. Ta waya muka yi, ta riƙa mayar min da irin amsar da zai iya bayarwa, har da "yarinyar da aka haifa a gabana". Sai ta ce, kin san me ya hana shi zagayawa? Ban sani ba. Da na same shi shi kaɗai, bayan gaisuwa da tambayar iyali, na nuna masa taswirar na ce Baba, na'urar ofis ta ƙi karɓar wannan, me ke ba ku wahala a zagayen? Ashe gwiwa ce ke damunsa, tafiya cikin laka ta gagare shi, kuma yana tsoron in ya faɗa a sallame shi. Amma babu manomin da ba ya buɗe masa ƙofa, yaran namu kuwa sai su yi ta sallama ba a amsa ba. Na haɗa shi da matashi ɗaya, Baba na magana da manoma yana cike bayanai, yaron na zagaye. Gargaɗin dai na faɗa masa da baki, a fili, cewa zanen gindin bishiya ya ƙare, don bashin taki ne ake ɗorawa a kan girman gonar da ba gaskiya ba.

Mai Eriya:
Ni tawa ba ta yi daɗi ba, kuma gara Ɗan Ringim ya ji. Ina gyaran janareta da batir a eriyoyin waya tsakanin Gumel, Maigatari da Babura, a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. An kawo mana koci a lokacin da muke bin kuɗin man babur na watanni. Ya ce mu saki jiki, duk abin da aka faɗa ya tsaya nan. Wani abokin aikinmu ya saki jikin, ya faɗi yadda ake rage dizal kafin ya iso. Ba a daɗe ba manaja ya maimaita kalmominsa a taro, tiryan-tiryan. Da kwangilarsa ta ƙare ba a sabunta ba.

Kuma ko da bai kai gulma ba, mutumin da zai tura babur daga Maigatari ranar Alhamis don mai ya ƙare, wace tambaya za ka yi masa ta gyara halinsa? A biya hakki tukuna.

Malam na Kazaure:
Gaskiyarka, kuma ba zan kare wannan ba. Inda ba a biyan hakki, koci kwalliya ce kawai. Batun sirri kuwa yana da ƙa'ida. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, ICF, wadda aka kafa a 1995, ta wajabta wa mambobinta a yi yarjejeniya tun farko tsakanin koci, wanda ake horarwa da kamfanin da ke biya, a kan abin da za a iya kaiwa sama. Yawanci kamfani zai san kana halarta da kuma burin da aka amince a kai; hirar kanta ba tasa ba ce, sai in akwai laifin da doka ta hana ko haɗari ga rai. Ɗan Ringim, ka nemi wannan a rubuce kafin zama na biyu. In ta yi ta kewaye-kewaye, ku tsaya a maganar jadawalin aiki.

Na Rano:
Nawa ɗan daban ne. Ina rubuta manhaja daga gida, da sola da intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink, wa wani kamfani da ma'aikatansa ke warwatse daga Legas har Nairobi. Ba a ɗauko mana kowa daga waje ba, shugabar tawagarmu ce ke zama da kowannenmu rabin awa duk sati, kuma kai ne za ka zo da abin da za a tattauna.

Abin da ta lura da shi a kaina shi ne "to". An tarbiyyantar da mu ba a ce wa na gaba a'a. A ce za ka gama zuwa Alhamis, ka ce to, in sha Allahu, alhali lissafinka ya nuna sai Talata. Mu a nan mun san wane "to" ne na gaske, su kuwa rubutawa suke yi a jadawali. Sai ta canza tambayar. Ta daina cewa za ka gama, ta koma cewa me zai hana a gama, kuma in dole a ajiye abu ɗaya, wanne ne? Wannan ina iya amsawa ba tare da na ji na yi rashin kunya ba.

Ranar da manhajarmu ta faɗi saboda gyaran da ita da kanta ta tura, ta rubuta rahoton yadda abin ya faru, da inda tsarin gwaji ya bar kuskuren ya wuce, ta tura wa kowa. Tun daga nan ƙananan ma'aikata suka fara cewa "ban gane ba" a taro. Ita ce ta ba mu labarin binciken da Google ya yi kan tawagogi 180 daga 2012, inda aka ga abin da ya fi raba masu nasara da sauran shi ne mutum ya iya tambaya ko kawo matsala ba ya tsoron a muzanta shi.

Mai Shago a Ɗambatta:
Duk na ji, amma ni shagon kwamfuta ne da ni, buga takardu, duba sakamakon WAEC da NECO, gyaran waya, yara huɗu. Biyu sun yi horon 3MTT, shirin koyar da fasahar kwamfuta da gwamnati ta fara a ƙarshen 2023, sun fi ni sanin wasu abubuwan, kuma na ga alamar za su gudu birni. Ba ni da kuɗin koci. Ya zan yi?

'Yar Kura:
Yaya, abin da Antin nan take yi da ni tambayoyi huɗu ne, kuma ta ce tsohon tsari ne da wani Bature ɗan Ingila, John Whitmore, ya yaɗa: me kake so ka cimma, ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, wanne za ka ɗauka kuma yaushe. Ka zauna da kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban kwastoma ba, ba kuma ranar Lahadi da kasuwarku ke ci ba. Wahalar ita ce yin shiru bayan tambayar. In yaro ya ce burinsa ya buɗe nasa shagon, kada ka ɗaure fuska, don gobe ba zai sake faɗa maka gaskiya ba.

Mai Shago a Ɗambatta:
To in ya ce shagon zai buɗe a layinmu fa?

Na Gujungu:
Sai ku yi maganar jari da rabon riba tun yanzu. Wakilaina uku haka suka fara, a shagon ubangidansu, shi ya tsaya musu aka ba su na'ura, yana karɓar kasonsa duk wata. Ka duba wane aiki ne kake mayarwa saboda ba ka iya ba, yaron ya fara da wannan.