Wane suna za mu ba aquarium da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "tafkin gilashi"

Jama'a, masu kiwon kifin ado a cikin gida suna ta ƙaruwa, amma har yau abin da ake zuba kifin a ciki bai samu tsayayyen suna a bakinmu ba. Bature ya ce aquarium. Mu kuwa kowa da nasa: kwalbar kifi, tankin kifi, akwatin kifi, wasu su ce akwariyom. Ina son mu tsayar da ɗaya, don na lura sunan da mutum ya riƙe shi ke raya masa girman abin da zai saya, kuma a wurin sabon shiga girman nan ne ke raya kifi ko ya kashe shi.

Su ma Turawan haɗa kalmar suka yi daga Latin: aqua ruwa, sauran kuma wurin ajiye abu. Wani masanin halittu ɗan Ingila, Philip Henry Gosse, shi ya yaɗa ta a zamanin da gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi a 1853. To mu ma muna da haƙƙin haɗa tamu.

Kwalbar kifi ita nake so mu fara jefarwa. Duk wanda ya ji kwalba zai tafi kasuwa ya ɗauko ɗan ƙoƙon gilashin nan mai zagaye, wanda bai fi lita 5 ba, yana ganin ƙarami ya fi sauƙin kula. Alhali ƙaramin ne mai wahala. Kifi yana fitar da guba da ake kira amoniya ta kashinsa da kuma wurin da yake numfashi, ragowar abinci ma in ta ruɓe ita take zama. Cokalin gishiri a kofi ba ya shawuwa, amma a randa ko ɗanɗanonsa ba za ka ji ba; haka gubar nan take tsakanin ƙaramin ruwa da babba. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a matacin ruwa da jikin tsakuwa suna sarrafa gubar, sai dai sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadatu. A wannan tsakanin yawan ruwa ne kaɗai ke ba mai kiwo sararin gyara kuskure. Za ka ga kifin kwalba ya taso sama yana buɗe baki yana rufewa, fiffikensa a manne da jiki, washegari a tarar da shi ya juya ciki sama, yaran gida suna kuka. Sai a ce ai kifin ado ba ya daɗewa. Wallahi abin yana ba ni takaici, domin ba laifin kifin ba ne.

Ga kuma batun ɗumi. Yawancin kifayen nan daga ƙasashe masu zafi suke, kogunan Amazon da kudu maso gabashin Asiya, suna son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. A daren hunturu a Jos ko Kano, in aka ɗauke wuta hita, wato na'urar ɗumama ruwan, ta mutu, ruwan lita 5 kafin asuba ya yi sanyi ƙalau. Na lita 50 kuwa a hankali yake sauka. Da bazara matsalar ta juya: ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, iskar kuma ta saman ruwa take shiga. Shi ya sa mazubi mai faɗin baki ya fi mai zurfi da ƙunƙuntaccen baki, ko da litarsu ɗaya.

Tankin kifi ya fi kwalba nesa ba kusa ba, amma masu kiwon tarwada sun riga mu. Ka ce za ka sayi tankin kifi, tankin roba ko na siminti za a nuna maka. Akwatin kifi yana da madogara, tunda muna cewa akwatin talabijin da akwatin zaɓe, sai dai babu ruwa ko rai a cikin kalmar, wani ma zai zaci katan ɗin kifin sanyi ake nufi. Gidan kifi kuwa a bar wa babban wurin da jama'a ke biyan kuɗi su shiga kallo, ya yi daidai da gidan namun daji. Akwariyom ba laifi ba ce, mun ari kwamfuta da rediyo sun zauna, amma ita ba ta gaya wa kowa komai.

Tafkin gilashi ya fi kwanta mini. Mai jin tafki zai hango ruwa mai faɗi, da ciyawa da laka da halittu a ciki, ba mazubi kawai ba, kuma abin da ake son sabon mai kiwo ya gane ke nan. Na san za a ce tafki ya yi girma da abin da ake ɗorawa a kan tebur. To ai jirgi ma na ruwa ne tun asali, muka ce jirgin ƙasa, muka ce jirgin sama, babu wanda ya rikice. Jam'insa ma a shirye yake: tafkunan gilashi.

Da wannan sunan sai in ba da shawarata cikin Hausa tsantsa. Tafkin gilashinka na farko kada ya gaza santimita 60 a tsawo, 30 a faɗi, 30 a zurfi. Ka ninka su ka raba da 1,000, lita 54 ke nan, wato jarka biyu ta mai ruwa da ɗan ƙari. Mai hali ya ɗauki na lita 80 ko 100, zai fi samun kwanciyar hankali. A tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, in an haɗa da gilashi da tsakuwa na lita 54 yana kusantar kilo 70, saboda haka teburin roba ba zai ɗauka ba.

Kuma a auna da girman da kifin zai kai, ba yadda aka gan shi a shago ba. Ƙananan irin neon tetra ba sa wuce santimita 4, garke suke so, shida ko fi, kuma lita 54 ta ishe su. Amma wannan mai manna baki a jikin gilashi yana cin gansakuka, da ake kira fileko, ana sayar da shi kamar ɗan yatsa ya zo ya haura santimita 30. Kifin da ake kira oska ma haka.

Game da sunan kifin kansa kuwa, ina ganin "kifin ruwan ɗumi" ya fi "kifin ƙasashen zafi", don yana tuna wa mutum hita. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka karɓi kalmar ta bakin Faransanci, me masu sayarwa suke ce mata a kasuwarku?