Ɗan jami'a da ke zaune a gida: wa ya sa nasa a takardar haraji, kuma yaya kuka kwashe?

Maman Sadiq (Columbus)

Assalamu alaikum jama'a, ya ibada? Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu ganin wannan. Sadiq ya cika shekara 20 a watan Nuwamba, yana aji biyu a kwalejin da ke nan cikin gari. A gida yake kwana, a gida yake cin tuwo. Asabar da Lahadi yana aiki a wani shagon kayan gini, takardar W-2 ɗinsa, wadda ke nuna albashin shekara, ta nuna dala 11,300 a 2024. Jiya bayan shan ruwa sai ya ce wai bana shi zai cike takardarsa da kansa, kada mu sa sunansa a tamu, don abokinsa ya gaya masa duk wanda ya haura 18 kuma yana aiki ya fita daga hannun iyaye. Na ce to madalla, firij ɗina ne dai bai samu labari ba.

Ban da wasa, 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta tura takardun haraji, ta kusa, kuma ba na son abin da zai haɗa ni da IRS, hukumar harajin Amurka. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Baban Walida (Houston)

Wa'alaikumus salam Hajiya. Abu na farko, a riƙe masa hannu kada ya tura komai sai kun zauna. Ni bara abin ya same ni. Walida ta karɓi W-2 ɗinta a ƙarshen Janairu, ta zauna a ɗaki da waya ta cike ta tura, ko shawara babu. A fom 1040, wato takardar harajin, akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko wani zai iya sa ka a cikin waɗanda yake ɗauke da nauyinsu. Ta tsallake shi. Da na zo tura tamu a watan Maris, ko awa ɗaya ba a yi ba aka dawo min da ita, wai an riga an yi amfani da lambar soshal ɗinta, wato lambarta ta Social Security.

Dole na buga takardun na aika ta gidan waya, ita kuma ta cike fom ɗin gyara, 1040-X, ta gyara. Kuɗin da na saba gani cikin mako uku sai cikin Agusta suka shigo, ga shi da su na yi niyyar biyan kuɗin jirgin tafiya gida. Abin da ya fi ba ni haushi, ko dala ɗaya ba ta ƙaru da shi ba. Ɗan abin da aka cire mata a albashi za a maido mata ko ta danna akwatin ko ba ta danna ba. Yaro yana iya cike tasa takardar, iyaye kuma su sa sunansa a tasu, ɗaya ba ya hana ɗaya. Akwatin nan ne kawai.

Malam Akawu

Hajiya, shekara shida ke nan ina aikin sa kai a shirin VITA, inda ake cike wa masu ƙaramin ƙarfi takardun haraji kyauta, kuma duk shekara sai na raba irin wannan gardama tsakanin uwa da ɗa. Abokin Sadiq ya yi kuskure. Shekara 18 ba ta cikin lissafin ma. Yaron da bai kai 19 ba a ranar 31 ga Disamba yana shiga. Idan cikakken ɗalibi ne, sai a ɗaga iyakar zuwa ƙasa da 24. Sannan a duba ko ya zauna tare da ku fiye da rabin shekara, wanda a wajenku ba abin tambaya ba ne. Ko da a ɗakin kwanan ɗalibai yake a wata jiha, doka tana ɗaukarsa kamar yana gida, tunda karatu ne ya fitar da shi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne albashi. Ga ɗalibin da bai kai 24 ba, babu ruwan IRS da nawa ya samu. Abin da ake tambaya: shi ne ya ɗauki fiye da rabin ɗawainiyar kansa? Kuɗin da ya tara a banki bai taɓa ba, ba sa cikin lissafi. Tallafin karatu da aka ba shi kyauta, shi ma ba ya ciki. Ɗakin da yake kwana kuwa ana yi masa kuɗi daidai da abin da za a biya haya, a rubuta a ɓangarenku. Akwai jadawalin wannan lissafi a ɗan littafin IRS mai lamba 501, ku zauna da biro ku bi shi.

Abin da ake samu: dala 500 ta wanda ya wuce shekarun rangwamen ƙananan yara, wato daga 17 zuwa sama. Babban kuwa shi ne rangwamen karatu na American Opportunity, har dala 2,500 a shekara, na shekaru huɗun farko. Dala 2,000 ta farko da aka biya makaranta da littattafai ana lissafa ta duka, ta biyu kuma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya sa yaron a takardarsa shi ke karɓa, da fom 8863. Yana fara raguwa idan abin da miji da mata suka samu tare ya wuce dala 160,000, ya ƙare a 180,000. Ga mai cikewa shi kaɗai kuma daga 80,000 zuwa 90,000.

Ɗan Zango (Bronx)

Malam ya faɗi gaskiya, amma ba kowane yaro da ke gida ba ne ke shiga. Nawa bai shiga ba a 2023, kuma ni da kaina na cire shi. Shekararsa 22, cikakken ɗalibi, ɗaki ɗaya da ƙannensa biyu. Sai dai yaron nan ba ya zama, kullum yana kan babur yana kai wa mutane abinci, ya samu wajen 24,000. Ya ci bashin karatu 7,500 da sunansa, ya cika sauran kuɗin makaranta daga aljihunsa, ya sayi babur, waya, sutura, duk shi. Mu abin da muka yi masa, rabonsa na haya da abinci, bai kai 10,000 ba.

Bashin nan shi ya kayar da mu. Na zata tamkar tallafi ne, ashe bashin da yaro ya sa wa hannu da sunansa kuɗinsa ne a idonsu. Na ce to ko ta ɗaya ƙofar, ta dangin da kake ciyarwa? Can kuma sai wanda bai samu dala 4,700 a shekarar ba, kuma kai ka ɗauki fiye da rabin nauyinsa. Na haƙura. A raina ma na ji daɗi, don ni ina shekara 22 a Kumasi ko kuɗin aski sai na roƙa.

Badamagare (Greensboro)

Ni nawa labarin mai ɗaci ne, ku ji don kada ya sami wani. Ɗan yayana ya zo daga Damagaram da bizar karatu, na riƙe shi a gidana kamar yadda babansa ya riƙe ni a Yamai lokacin ina makaranta. Ci, sha, kwana, kuɗin mota, har wani ɓangare na kuɗin makaranta, duk ni. Yana ɗan aiki a ɗakin karatun jami'arsu, saboda haka yana da lambar soshal. Wani mai cike takardu da 'yan uwanmu ke zuwa wajensa ya ce ai ɗan wa kamar ɗa yake a doka, kawo lambarsa. Ya sa shi, ya sa rangwamen karatu, kuɗi suka fito, na yi ta sa masa albarka.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni sai ga wasiƙa. Zancen ɗan wa gaskiya ne: ɗan wa, ɗan ƙane, ƙane, jika, duk suna shiga. Abin da mutumin bai faɗa min ba, dole yaron ya zama ɗan ƙasa, ko wanda dokar haraji ta ɗauka mazaunin Amurka, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Mai bizar karatu kuwa, a shekaru biyar na farko baƙo ne a wajensu, ko da a kan gadonka yake kwana. Na mayar da dala 3,000, ga kuɗin ruwa a kai, ni da na yi rayuwata ina gudun riba. Na koma wajen mutumin, ya ce ai ni na sa hannu. Kuma ni ɗin na sa.

Haka nan masu 'ya'ya a gida Nijar ko Najeriya waɗanda ba 'yan ƙasar nan ba, ko duk wata kana aika musu kuɗin makaranta, ba sa shiga. Na san da zafi.

Malam Akawu

Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ka ma yi sa'a a nan abin ya tsaya. Idan suka ga da gangan aka yi watsi da ƙa'ida, suna iya hana mutum wannan rangwame shekara biyu, idan zamba ce shekara goma.

Anti Bilki (Seattle)

A kula da ƙirgen watanni. Sai ya yi karatu a matsayin cikakken ɗalibi a cikin watanni biyar na shekarar, ba dole a jere ba, kuma ko 'yan kwanaki ya yi a wata ana ƙirga watan. Babbar 'yata ta gama a watan Mayu, Janairu zuwa Mayu biyar cif, ta shiga. Ƙanenta kuwa ya huta shekara ɗaya yana aiki, ya koma a ƙarshen Satumba domin lokacin makarantarsu ke buɗewa. Satumba zuwa Disamba huɗu. Shekararsa 21, ya samu fiye da 5,050 da aka sa iyaka a 2024, shi ke nan ya fita. Da a Agusta suka buɗe da ya shiga. Kuma makaranta ce ke faɗin wane ne cikakken ɗalibi, kada yaro ya ajiye kwas biyu a tsakiyar zango bai gaya miki ba.

Hajiya Mai Turare (Maryland)

Ni kuwa suruki ne ya ƙwace min tawa, ku taya ni dariya. Mun aurar da ita a ƙarshen Yuli, tana 21, tana shekarar ƙarshe. Wata bakwai tana gidana, kuɗin zangon farko ni na biya, ga kayan ɗaki da na yi har sai da jarina ya girgiza. Lokacin haraji na ce to ko ba komai na rage zafi. Ashe ita da angon sun cike takarda ɗaya tare a matsayin miji da mata, kuma wadda ta yi haka iyaye ba sa iya sa ta, sai idan sun cike ne kawai don a maido musu abin da aka cire a albashi. Aka ce min da kowannensu ya cike tasa daban, da na samu. To wa zai ɗaga waya ya kira suruki a kan zancen haraji? Ni dai ba da bakina ba.

Ummi

Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, a matsayin wadda aka yi shekara biyar ana sa sunanta. Abin da Sadiq yake ji na san shi. A 2020 da aka raba dala 1,200 saboda korona, mu 'yan jami'a da ke takardar iyaye ba a ba mu ba, iyayen ma ba a ba su komai a kanmu ba. Tun daga nan zancen ya yaɗu a cikinmu cewa zama a takardar iyaye asara ne, har yau ƙannenmu suna maimaita shi, alhali abin ya wuce.

Mama, ki gaya masa abu biyu. Fita daga takardarku ba za ta ƙara masa tallafin makaranta ba, domin FAFSA, takardar neman tallafin karatu, tana da nata ma'aunin, yawanci sai an kai 24 ko an yi aure kafin su daina tambayar kuɗin iyaye. Inshorar lafiya kuma yana iya zama a kan taku har 26 ko yana takardar ko ba ya ciki. Mu a gidanmu Abba yakan ajiye lissafin a gabana, ya nuna min abin da sunana ya kawo, ya ba ni kuɗin littattafai daga ciki. Tun ranar da ya fara haka ban sake yi masa gardama ba.

Maman Sadiq (Columbus)

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Daren jiya bayan asham muka zauna mu uku da biro da takarda, kamar yadda Malam Akawu ya ce. Hayar gida 1,800 ce a wata, mu huɗu ne, rabonsa ya kama 5,400 a shekara. Abinci muka yi masa 300 a wata, ya ce ya yi yawa, ƙanwarsa ta leƙo daga kicin ta ce ya yi kaɗan. Ya shiga shafin makaranta ya ciro fom 1098-T, bayan an cire tallafi mun biya 2,900, littattafai 600. Tun ba a zo kan inshora da wutar lantarki ba namu ya kai 12,500. Shi kuma cikin 11,300 ɗinsa akwai wajen 3,000 a ajiye, sauran mota da mai da waya da takalma suka cinye.

Ya yi shiru yana kallon takardar, can ya ce, "Umma, ashe haka nake da tsada?"

Rangwamen karatun ya kama 2,375, ga 500 ɗin. Ya cike tasa a gabana, na ga ya danna akwatin da idona, Baban Walida. Yanzu kuma ya bi shawarar Ummi ta inda ba mu zata ba, wai tunda sunansa ne ya kawo kuɗin, a saya masa tayoyi biyu na gaba. Babansa ya ce a bari kuɗin su shigo tukuna, kuma ɗinkin Sallah ne a kan gaba.