Kiɗan biyola daga masu kiɗan fim: da wa za a fara?

Biyola yayar gogen Turawa ce, muryarta ta fi kauri. Da aka tattauna wanda ya kamata sabon mai sauraro ya fara da shi, yawancin masu tattaunawar sun ce Miklós Rózsa, ɗan Hungari da ya yi kiɗan fim ɗin Ben-Hur. Kiɗansa na biyola da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, wanda makaɗin biyola Pinchas Zukerman ya fara kaɗawa a 1984, yana da nauyi da duhu, sai an zauna masa. Ni ma nan na tsaya.

Wasu sun fifita kiɗan biyola na William Walton, mai kiɗan fim ɗan Ingila, na 1929, sun ce ya fi saurin shiga zuciya. Mai koyon kaɗawa kuwa an ce ya nemi kiɗan Intermezzo na Nino Rota, mai kiɗan fim ɗan Italiya, wanda na biyola da fiyano ne kaɗai.