Babbar ƙawa da babban aboki: har yanzu ana yi a wajenku?

Maman Iman, Wad Madani, Sudan: Salamu alaikum. Ƙanwata za a aurar bayan Babbar Sallah, ta ce ba ta son a kira kowa babbar ƙawa, wai tsohon yayi ne, ƙawayenta shida duk ɗaya suke. Gwaggo ta ce to wa zai kwana da ita ranar lalle? Wanda ya gani da idonsa ya ba mu labari.

Ɗan Mai Wurno: Mu nan garin Mai Wurno na Sudan, tun da kakanninmu suka yo gabas bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, sunayen suka cakuɗe. Tsofaffi su ce babban aboki, samari su ce waziri kamar sauran 'yan Sudan. Sau biyu na yi waziri. Kuɗin ango a aljihuna suke, ni ne biyan mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, ni ne ciniki da ƙawayen amarya wajen sayen baki. Na biyun sai da muka kai ƙarfe ɗaya na dare. Babbar ƙawar ta fara da kuɗin tunkiya, muka ƙare a kwalbar turare da alewa. Da su shida ne ke magana, da asuba ta riske mu a ƙofar ɗaki.

Hajiya Inna, Gadarif: 'Yata, ni uwar wanka na yi wa 'yar ƙanena. Ni na haƙa ramin dukhan, wato turaren hayaƙi da ake yi wa amarya, ni na zuba itacen ɗalha mai ƙamshi, na lulluɓe ta da bargon shamla tana gumi tana kuka ina lallashi. Abin da uwarta ke jin nauyin faɗa mata, a nan na faɗa. Yau ana ɗauko mai lalle a biya ta, ta zana ta tafi. Zanenta ya fi nawa kyau, wannan kam ban musa ba.

Ummu Safiyya, Sannar: Hajiya, a yi mini afuwa, ni sunan ne ya ja mini rigima. Na zaɓi ƙawata ta makaranta, 'yar kawuna ta ji haushi, ranar jirtik, wato bikin sa wa ango da amarya albarka, ko hoto ta ƙi shiga. Shekara biyu ba ta tako gidana ba.

Abu Mus'ab, Kasala: Ni bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 aka ɗaura nawa. Abokina yana Jidda, ƙawayen amarya sun watse. Waliyyi, wakili, shaidu biyu, sadaki ta manhajar banki ta Bankak, shi ke nan. Wata maƙwabciya da muka sani wata uku kacal ita ta rako amarya, ba wanda ya ba ta wani suna.

Maman Iman: Na karanta wa ƙanwata duka. Ta ce ta ji, amma Gwaggo ce za ta zaɓa, don in an yi fushi a yi da Gwaggo.