Neman shawara: wasan kalmomi a darasin aljabra

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare. Da zarar x ta hau allo sai aji ya yi tsit. Ina son in riƙa buɗe darasi da ɗan barkwanci, amma waɗanda ke intanet na Turanci ne, in an juya su zuwa Hausa sai su zama lami. Akwai namu na gida da za su kai yaro ga lissafin kansa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki wahalar da kanki da fassara, ƙirgarmu ta ishe ki. Fara da "sha". Tambaye su: wace lamba ce ta fi kowa ƙishirwa? Goma ce, ta sha ɗaya, ta sha biyu, har ta sha tara. In sun gama dariya ki rubuta 10 + x = 17, ki ce "me goma ta sha?" Za su ce bakwai kafin ki ajiye alli, kin ga sun warware x ba su sani ba. Inda ake samun matsala: wasu yara kan ɗauka abin da aka sha raguwa yake, su rubuta 10 − 7. Ki nuna musu cewa a nan sha ƙari ne, kuma daga 11 zuwa 19 kawai yake aiki. Daga 21 "da" ake cewa.

Don ragi kuma ga tsohuwar ƙirga: "ashirin biyu babu" 18 ke nan. Wace lamba ce in ta yi biyu babu ta koma 18? x − 2 = 18.

Amsa ta 2: Ƙari a kan na Malam: "tara lambobin tara, ka sami tara." Wato a jadawalin ninkin 9: a 18, 1 + 8 = 9; a 27, 2 + 7 = 9; haka har 90. A 99 za a sami 18, sai a sake tarawa. Ki faɗa musu wannan tun da wuri, in ba haka ba wani mai wayo zai tsayar da ke a 9 × 11.

Akwai kuma "wace lamba ce ke sa a nemi bargo?" Ɗari. Wannan a allo ya fi armashi, don a baki ɗarin sanyi da ɗarin ƙirga ba sautinsu ɗaya ba. Dariya kawai yake bayarwa, ba ya koyar da komai.

Gargaɗi ɗaya: a darasin rabawa ki ce "kaso", ki bar "kashi". In harshe ya ja wasalin, ajin ya tafi ke nan.

Amsa ta 3: Ni a ganina kacici-kacicin riƙe lamba ya fi duk waɗannan kusa da aljabra. Kowa ya riƙe lamba a zuci, ya ninka ta biyu, ya ƙara 10, ya raba biyu, ya cire lambar farko. Kowa zai sami 5. Ki bari su ba ki gari tukuna, sannan ki rubuta (2x + 10) ÷ 2 − x, su ga yadda x ta cinye kanta. Wanda bai sami 5 ba, galibi 10 ɗin kaɗai ya raba ya bar 2x, kuma wannan kuskuren ne zai biyo shi jarrabawa, gara ki kama shi yanzu. Ki canza 10 zuwa 14, su faɗi amsar kafin a yi: 7.

Minti biyar ya isa, Malama, kuma kowane wasa ya ƙare da alamomi a allo, tunda da Turanci za a tambaye su. Wasan nan na nuna 1 = 2 kuwa ki ajiye shi sai babbar sakandare. Sirrinsa shi ne ana ɗaukar lambobi biyu masu daidai da juna, a = b, sannan a raba da a − b, wato rabawa da sifiri, kuma 'yan aji biyu amsar za su riƙe su manta da dalilin.