Muhawara: Wasiyyar Robert Keayne ta wanke shi daga zargin tsawwala farashi?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ga maganar da nake so mu tattauna. Robert Keayne ɗan kasuwa ne da aka haifa a Windsor ta Ingila a 1595, ya yi sana'a a Landan, ya ƙaura Boston da ke Massachusetts, a Amurka ta yau, a 1635. A 1639 babbar kotun Massachusetts, wadda ita ce kuma majalisar yankin mai ƙunshe da alƙalai da wakilan garuruwa, ta ci shi tarar fam 200 saboda tsawwala farashin kaya irin su ƙusoshi da linzami da zare, daga baya aka rage ta zuwa fam 80. A 1653 ya zauna daga watan Agusta har Disamba yana rubuta wasiyya mai kalmomi wajen 50,000, kuma babban ɓangarenta kare kansa yake yi. Ni ina ganin wannan takarda ta wanke shi. Zaluntarsa aka yi.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, wa ya rubuta wasiyyar? Shi. Wa ya zaɓi abin da zai shiga ciki? Shi. Waɗanda suka sayi ƙusoshin ba su bar mana shafi ɗari da hamsin ba. Gwamnan Massachusetts na lokacin, John Winthrop, ya rubuta a kundinsa cewa ana tuhumarsa da cin ribar sama da sisi a kan kowane sule, wani kayan ma fiye da ninki. Sule kwabo 12 ne, wato rabin kuɗin kaya ya ɗora a kai, a garin da kusan komai sai jirgi ya kawo daga Ingila.

Malam Habibu: Hajiya, ai kin kawo mini hujja. Winthrop ɗin ne ya lissafa dalilan da suka sa alƙalai suka nemi sassauci: babu dokar da ta ƙayyade riba a lokacin, ba shi kaɗai yake yin haka ba, kuma ko'ina a duniya 'yan kasuwa suna cin moriyar kasuwa in ta buɗe. Alƙalai fam 100 suka so, wakilan garuruwa ne suka dage a kan 200. Ta yaya za a hukunta mutum da dokar da ba a kafa ba?

Alhaji Ɗanlami: Ku bar ni in yi magana a matsayin wanda ya san sayar da kaya bashi. Mutumin nan yana sayo kaya a Landan, ya jira makonni a teku, wani ya lalace, sannan ya ba mutanen da ba su da tsabar kuɗi, su biya shi bayan girbi in sun ga dama. Wanda bai taɓa riƙe littafin bashi ba gani yake duk abin da aka ɗora riba ce. Kuma Keayne a wasiyyar yana ambaton littattafan lissafinsa ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa masu rabon gado inda za su duba. Mai ha'inci ba ya nuna wa mutane littafinsa.

Hajiya Rabi: Alhaji, littafi yana nuna nawa aka saya, nawa aka sayar. Ba a kan lissafi aka kama shi ba. Malamin cocinsu John Cotton ya yi huɗuba takanas bayan shari'ar, ya ce kuskure ne ɗan kasuwa ya ɗauka yana da damar sayarwa da iyakar tsadar da zai iya, kuskure ne kuma in ya yi asara a teku ya huce a kan sauran kayan. Wannan ita ce ƙa'idar jama'ar da Keayne ya zaɓi ya zauna cikinsu da ƙafarsa. Ba baƙo ba ne ga koyarwar, domin littattafan da yake rubuta huɗubobin Cotton a ciki suna nan har yau.

Zainabu: Abin da ya fi damuna shi ne wannan. A 1639 ya tsaya gaban coci yana hawaye, ya amsa cewa zuciyarsa tana da kwaɗayi, aka yi masa gargaɗi ba a kore shi ba. Bayan shekara 14 ya rubuta cewa an zalunce shi. Malam, wanne za mu ɗauka?

Malam Habibu: Na biyun, ƙanwata. Na farko ya faɗe shi ne takobi na kan wuyansa, domin korar mutum daga coci a Boston ta wancan zamani babban tozarci ne. Na biyu ya rubuta shi yana shirin gamuwa da Ubangijinsa, babu abin da zai samu.

Zainabu: Akwai abin da zai samu, Malam: suna. Ya san za a karanta. Har fam 300 ya bari a gina wa gari zauren taro da kasuwa, aka gina bayan rasuwarsa a 1656, ginin ya tsaya har gobarar 1711. Na yarda alheri ne, kuma mutanen Boston sun amfana. Amma kyautar da aka yi a ƙarshen rayuwa ba ta gaya mana ko farashin ƙusa na 1639 daidai ne.

Alhaji Ɗanlami: Ku tuna da rigimar alade. Matar wani Sherman ta ce Keayne ya riƙe mata alade, an bincika ba a same shi da laifi ba, amma a 1642 yawancin wakilai suka goyi bayanta, alƙalai suka goyi bayansa, har rikicin ya taimaka wajen raba majalisar gida biyu a 1644. Wannan ya nuna an riga an tsane shi, ko me ya yi laifi ne.

Hajiya Rabi: Ko kuma ya nuna mutane ba su manta da abin da suka biya a kantinsa ba. Ni na yarda tarar fam 200 ta yi yawa tunda babu doka, kuma rage ta da aka yi ya nuna su ma sun ga haka. Iyakar abin da zan ba ku ke nan. Wasiyyar ta tabbatar da cewa abin ya ci masa rai har ya mutu. Kan batun farashi kuwa, shaidar mutum ɗaya ce a kan kansa, Malam, kuma ina jiran ka kawo ta biyu.